Me Ya Sa Ba a Taɓa Ba Ɗalibi Gaskiya a Wasannin Makarantunmu?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce an gayyace ni bikin yaye ɗalibai a wata makarantar sakandare. Bayan jawabai da rabon kyaututtuka, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo suka hau dandamali. Labarin wani yaro ne mai taurin kai. Kullum a makare yake zuwa, malami na magana yana ƙunƙuni. Shi kuwa malamin mutum ne mai haƙuri, ba ya ɗaga murya, duk abin da ya fito daga bakinsa nasiha ce. Yaron ya faɗi jarrabawa, ya faɗa shaye-shaye, bayan shekaru ya dawo cikin tsumma ya durƙusa yana kuka: "Malam, ka yafe mini." Malam ya dafa kansa ya ce ya yafe. Aka yi tafi.

Yaran sun yi ƙoƙari, musamman wanda ya fito a fitinannen. Abin da ya dame ni shi ne, tun kafin a kai tsakiyar wasan iyaye sun koma hirarsu, wasu sun duƙufa kan waya. Ba wanda ya ƙagu ya ga ƙarshe, domin kowa ya san ƙarshen tun daga fitowa ta farko.

Ra'ayina a fili yake. Wasan da aka gina kan malami da ɗalibi ba ya kama zuciya sai idan ɗalibin yana da tasa gaskiyar, malamin kuma yana da abin da zai iya rasawa. Wasannin da muke ba yaranmu su yi sun hana ɗalibi gaskiya, sun kuma hana malami zama ɗan Adam. Mun cuci ɓangarorin biyu, muna zaton tarbiyya muke yi.

Daga ina zullumin yake fitowa?

Duk mai rubuta wasa ya san cewa abin da ke zaunar da ɗan kallo shi ne zullumi: ya ga mutum biyu kowa na son wani abu, ba zai yiwu duka su samu ba, shi kuma bai san wa zai rinjaya ba. Ba wanda zai biya kuɗin shiga gidan dambe idan an riga an ɗaure wa ɗaya daga cikin 'yan damben hannuwa ta baya.

Aji wuri ne da ya dace da irin wannan zullumi fiye da wurare da yawa. A ido, duk ƙarfi yana hannun malami. Shi ke riƙe da alli da bulala da rajista, shi ke ba da maki, shi zai ce a yi tsallen kwaɗo a yi. Amma ɗalibi ma ba hannu rabbana yake ba. Yana iya yin shiru. Yana iya cewa "to, Malam" da baki, zuciyarsa kuwa ta riga ta bar ajin. Ba malamin da zai iya cusa wa yaro ilimi da ƙarfin tsiya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san zafin ya yi tambaya aji ya yi tsit. Ga kuma sauran ɗalibai suna kallo, don haka duk cacar bakin da aka yi a aji a gaban shaidu aka yi ta. Malami ba ya so a ga ya ja da baya, yaro ma ba ya so abokansa su ga ya karaya.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Aikin malami shi ne ya kai ɗalibi matsayin da ba ya bukatarsa. Ranar da ya yi nasara ita ce ranar da yaron zai iya duban maganarsa ya auna ta, ya ce nan daidai ne, nan kuwa akwai gyara. Kuma da kayan aikin da malamin ya ba shi zai yi wannan awon. Malamin kirki yana fatan wannan rana, yana kuma jin tsoronta. A nan wasa yake. Idan babu ƙauna tsakaninsu, abin ya zama faɗan mutum biyu kawai, irin wanda ake gani a tasha. Ƙaunar ce ke sa saɓanin ya yi ciwo.

Wani wasa daga Afirka ta Kudu

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan Athol Fugard, marubucin Afirka ta Kudu da ya rasu a watan Maris na 2025. Sunan wasan My Children! My Africa!, an fara nuna shi a gidan wasa na Market da ke Johannesburg a 1989, kuma John Kani ne ya fito a malamin. Mutum uku ne kacal a cikinsa.

Labarin ya faru ne a 1984, a wani ƙaramin gari a lardin Gabashin Cape, zamanin mulkin wariyar launin fata. Tun 1953 gwamnatin Turawa ta kafa dokar ilimin Bantu, wadda ta ware wa baƙar fata karatu na daban, maras inganci, da nufin su tsaya a matsayin 'yan ƙwadago. Wannan tsari ne ya haifar da boren ɗaliban Soweto ranar 16 ga Yuni, 1976, lokacin da aka tilasta musu karatu da Afrikaans, harshen Turawan da ke mulki, 'yan sanda kuma suka buɗe musu wuta. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ƙaurace wa aji ya zama makamin matasa a garuruwa da dama.

Malamin, Anela Myalatya, wanda ɗalibai ke kira Mista M, baƙar fata ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyarwa a ƙarƙashin wannan doka. Ya tsani dokar, amma ya yi imani cewa ko a cikinta zai iya saka wa yara abin da zai 'yanta su, wato iya magana da iya tunani. Ɗalibin da ya fi ƙauna shi ne Thami Mbikwana, yaro mai kaifin basira. Ya haɗa shi da wata yarinya Baturiya, Isabel Dyson, domin su shiga gasar adabi tare, yana fatan ta nan Thami zai samu tallafin shiga jami'a.

Thami kuwa ya kai inda ya daina yarda. A ganinsa ajin nan tarko ne, kuma duk kyawun niyyar malaminsa, aikin gwamnatin zalunci yake yi mata. Ya janye daga gasar, ya bi 'yan gwagwarmaya, aka ƙaurace wa makaranta.

Dubi yadda aka raba gaskiya a nan. Mista M yana da gaskiya: jifa da ƙone-ƙone za su ci rayukan yara, kuma al'ummar da ta rasa masu ilimi za ta sha wuya ko bayan ta samu 'yanci. Akwai fitowar da ya riƙe dutse a hannu ɗaya, ƙamus a ɗaya hannun, yana nuna wa Thami cewa nauyinsu kusan ɗaya ne a hannu, amma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Thami ma yana da gaskiya: shekara da shekaru ana haƙuri ana karatu, ba abin da ya sauya, kuma ba da lallashi aka taɓa sauke irin wannan mulki ba. Ɗan kallo ba ya iya zaɓar ɓangare ya huta.

Sannan kowannensu yana da laifinsa. Mista M mutum ne mai tsohon ra'ayi, wanda ya ɗauka cewa nasa shi ne ya koyar, na Thami shi ne ya saurara. Yana ƙaunar yaron kamar ɗan cikinsa, amma bai taɓa zama ya tambaye shi abin da ke ransa ba. Da ajinsa ya zama kango, yana kaɗa ƙararrawa ba mai zuwa, sai ya je wurin 'yan sanda ya ba da sunayen masu shirya ƙauracewar. Daga baya da bakinsa ya amsa cewa ba kishin yara kaɗai ya kai shi ba, har da kaɗaici da zafin an gudu an bar shi.

Fitowar da ta fi ƙarfi ita ce lokacin da Thami ya zo ya gargaɗe shi cewa jama'a na tafe za su kashe shi. Ya ce zai yi ƙarya ya kare shi, in dai zai fito ya goyi bayansu. Malamin ya nemi ya ji ko saboda shi yake wannan. Yaron ya kasa cewa saboda ƙauna ne, ya ce saboda gwagwarmaya ne. Malamin ya ɗauki ƙararrawarsa ya fita wurin taron, aka kashe shi. Kalma ɗaya da ɗalibi ya kasa furtawa, ita ce ta rage tsakanin malaminsa da mutuwa, kuma malamin ne da kansa ya gina dangantakar da ba a furta irin wannan kalma a cikinta.

Ba wanda ya durƙusa a ƙarshen wannan wasa. Amma ban ga yadda matashi zai kalle shi ya fita yana raina malamai ba.

"Za ku koya wa yara raini"

Wannan ita ce suka ta farko da za a kawo, kuma na san masu kawo ta ba da mugun nufi suke yi ba. Suna ganin yadda tarbiyya ta yi rauni, suna tsoron duk abin da zai ƙara buɗe wa yaro ido a kan na gaba da shi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su.

Sai dai yaran nan ba baƙi ba ne a makaranta. A cikinta suke wuni. Sun san malamin da ke shiga aji a kan lokaci, sun san wanda ke ba monita littafi ya kwafa a allo shi ya tafi harkarsa. Sun san wanda ya doki yaro a kan laifin da bai yi ba, ya gane daga baya, ya kasa cewa komai. Idan muka ɗora musu malami a dandamali wanda bai taɓa kuskure ba, sun san ba gaskiya muka nuna musu ba. Darasin da za su ɗauka shi ne, a gaban manya ana faɗin abin da manya ke son ji. Wannan ya fi raini haɗari, domin shi ne tushen fuska biyu.

Kuma saɓani daban, rashin kunya daban. Ɗalibi zai iya russunawa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai a nan ban gamsu ba," ya faɗi dalilinsa, ladabinsa bai ragu da komai ba. Yaranmu ba su cika ganin wannan ba, a gida ko a makaranta. Abin da suka sani biyu ne: ko a yi shiru a haɗiye, ko a fashe da zagi. Dandamali shi ne wurin da ya fi dacewa a nuna musu hanya ta uku.

"Ba al'adarmu ba ce"

Wannan ma ana faɗa, wai ja-in-ja da malami ɗabi'ar Turawa ce. Tarihinmu bai goyi bayan wannan magana ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya bi shi zuwa Agadas, kuma bai daina yabonsa da girmama shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka ya saɓa masa a kan mas'ala babba. Malam Jibrilu yana ganin aikata manyan zunubai na fitar da mutum daga Musulunci, Shehu kuwa bai yarda da haka ba, ya kuma rubuta matsayinsa. Imamu Shafi'i ɗalibin Imamu Malik ne, ya karanta Muwaɗɗa a gabansa a Madina, daga baya ya saɓa masa a mas'aloli da dama. Ba wanda ya ce waɗannan bayin Allah ba su da tarbiyya.

Kowane ɗan makarantar allo da ya kai Suratul Kahfi ya san ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bawan Allah da ya bi domin ya koyi ilimi. Ba ina haɗa ƙissar Alƙur'ani da wasan kwaikwayo ba ne, abin da nake so a lura da shi ɗaya ne. A ƙarshe an bayyana hikimar malamin a kan huda jirgi da kashe yaro da gyara katanga. Amma mai neman ilimin bai yi magana don shaƙiyanci ba. Ya yi magana ne domin abin da idonsa ya gani ya saɓa wa abin da ya sani na daidai. Tambayarsa tana da nauyi, shi ya sa amsar ma ta yi nauyi.

Ko a fagen wasa, Bahaushe bai taɓa ɗaukar na gaba a matsayin wanda ba a taɓawa ba. A tashen watan azumi yara kan yi wa ɗayansu gemun auduga da rawani, su riƙa masa allo, su yi ta tuhumarsa da cewa malam ya yi rawa, yana musu, daga ƙarshe ya taka. 'Yan kama kan ɗauki muryar masu karatu da wa'azi su yi ta zuba bayanin tuwo da miya. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, sarkin na kallo, ya ga halinsa a jikin wani. Kakanninmu sun san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ne muka zo muka fi su tsoro.

Sukar da ta fi ba ni wahala

Wani malamin firamare zai iya ce mini: ka dubi halin da muke ciki. Albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, wani lokaci ma a yi watanni ba a biya ba. Aji ya cika ya batse, yara na zaune a ƙasa. Uba kan zo har makaranta ya ci mutuncinmu a gaban ɗansa. A fina-finai da wasannin barkwanci an mai da mu abin dariya, mai tsohon keke da kwat ɗaya. Rana ɗaya tak a shekara ake nuna mu da daraja, ita ma kana so a karɓe?

Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma zan yi kamar ban ji ta ba. Wanda aka daɗe ana tauye wa hakki yana da dalilin riƙe ɗan abin da ya rage masa.

Amma ina roƙon malamin nan ya sake duban wasan da ake cewa an girmama shi a ciki. Wane ne wannan mutumin da ke kan dandamali? Ba shi da gida, ba shi da bashi, ba ya gajiya, ba ya fushi, ba a taɓa jarraba shi da komai ba. Allon sanarwa ne aka sa wa riga. Iyayen da ke zaune ba za su tashi da sanin komai game da wahalar aikinsa ba. Mista M kuwa, da duk kuskurensa, mai kallo na fita yana jin nauyin abin da ake nufi da mutum ya ba da rayuwarsa ga 'ya'yan wasu. An ga abin da ya sadaukar domin an ga abin da ya rasa. Malamin da ba ya kuskure da malamin barkwanci duk abu ɗaya ya same su: marubuci bai ɗauke su da muhimmancin da zai tsaya ya dube su da kyau ba.

Akwai kuma masu cewa yaran ƙananan azuzuwa na bukatar darasi a fili. Na yarda da wannan a firamare. Amma ɗan ajin ƙarshe na sakandare ya kusa jefa ƙuri'a, wata ma an kusa kai ta ɗakin miji. Ba daidai ba ne a ci gaba da ba su labarin da ya dace da ɗan shekara bakwai.

Ban kuma ce dole kowane wasa ya ba ɗalibi nasara ba. Idan aka juya abin, malami ya zama azzalumi tsantsa, ɗalibi ya zama waliyyi, an koma gidan jiya. Ɗalibi ma yana cutar da malami. Yana iya yi masa ƙazafi, yana iya haɗa kai da abokai su kunyata shi, yana iya cin amanar wanda ya tsaya masa. Duk wannan abin rubutawa ne, in dai za a nuna dalilin da ya kai shi.

Abin da za a iya rubutawa

Ba sai mun je Afirka ta Kudu neman labari ba. Ɗauki zauren jarrabawar ƙarshe a wata makarantar ƙauye. Malamin kimiyya ya shekara shida yana koyar da waɗannan yara, ba ɗakin gwaji, ba littattafai. Ya san yawancinsu ba za su ci ba, ya kuma san cewa 'yan matan da suka faɗi karatunsu ya ƙare ke nan, ba uban da zai sake biyan kuɗin jarrabawa. An tara kuɗi, an gama magana da mai sa ido, an ce shi zai rubuta amsa a allo. Bai taɓa yi ba. Ya kwana bai runtsa ba, da safe ya ɗauki alli.

Sai ɗalibar da ya fi alfahari da ita ta miƙe, muryarta na rawa, ta ce, "Malam, ba haka ka koya mana ba."

Yanzu wa ke da gaskiya? Ita da ke riƙe da abin da shi ya dasa mata, ko shi da ke hango abin da zai sami ƙawayenta? Ga sauran 'yan ajin suna hararar ta, domin makomarsu take shirin rushewa, kuma ita mai ƙoƙari ce, ko ba a rubuta ba za ta ci. Ga shugaban makaranta a bakin ƙofa. Ga agogo na tafiya. Satar amsa haramun ce kuma ɓarna ce, wasan ba zai halatta ta ba. Amma zai tilasta wa kowa a wurin ya tambayi kansa yadda aka yi mutumin kirki ya kai ga ɗaukar allin nan, da kuma wa ya bar makarantar ba kayan aiki tun farko. Iyaye da jami'an ilimi da ke zaune a sahun gaba suna cikin amsar.

Ga malaman da ke kula da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, shawarata mai sauƙi ce. Yawanci malami ne ke rubuta wasan gaba ɗaya, ya sa wa ɗalibi kalaman da shi yake zaton ɗalibai na faɗa, shi ya sa yaron wasa kan fito ko dai shaƙiyyi ko mai tuba. A wannan karon a raba aikin. Malami ya rubuta maganganun malami, ya sa gajiyarsa da tsoronsa a ciki. A ba 'yan aji biyar da aji shida su rubuta na ɗalibar da na 'yan ajinta, a kuma yi musu alkawari tun farko cewa ba za a goge abin da suka rubuta don kawai ya yi wa wani zafi ba. Shugaban makaranta ya karanta kafin a hau dandamali, wannan hakkinsa ne, amma ya karanta yana neman inda aka yi ƙarya ko aka ci mutuncin wani, ya bar inda aka faɗi gaskiya.